Kafin igiya ta shiga gona: wa ke tsara faɗaɗar tsofaffin ƙauyukan Gombe?

Tun da gwamnatin Jihar Gombe ta mayar da harkar takardun filaye hannun hukumar taswira da rajistar filaye ta jiha, wato GOGIS, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa a zaurukan dagatai da ƙofar gidan jauro, wato mai unguwa. Gari ya cika, samari sun isa aure suna neman inda za su kafa gida, baƙi na zuwa da kuɗi a hannu: wa ke da ta cewa kan inda za a yanka fuloti? Wani zai ce mai gona, tunda gadon ubansa ce. Wani ya ce dagaci da hakimi. Wani kuma ya ce gwamna, tunda sa hannunsa ake nema a satifiket. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ruɗanin ya ƙi ƙarewa.

Akwai amsa ta huɗu da masana tsara birane ke yawan kawowa: mutanen garin su zauna da kansu su shata inda garinsu zai nufa, tun kafin dillali ya riga su. Maganar tana da daɗin ji, amma akwai sarƙaƙiya a cikinta ta fuskar doka, ta fuskar aljihu, da kuma kan su wane ne ma ake kira mutanen gari.

Awo iri uku

Awon gwamnati shi ne inda hukuma ta karɓi fili, safiyo ya auna, aka fitar da taswira mai lamba, aka cire tituna da magudanan ruwa da filin makaranta, sannan aka raba fulotai. Awon igiya kuwa mai gona ne, ko dillalin da ya sayi gonar, zai kira mai awo a ja igiya a kafa turaku, a sayar wa duk wanda ya zo. Shaidar mai saye ita ce takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Akasarin unguwannin da suka tsiro a bakin garuruwanmu ta haka suka samu, domin awon gwamnati ba ya isar masu nema, kuma ba ya zuwa da wuri.

Tsarin al'umma yana tsakanin biyun. Gonaki suna nan hannun masu su, babu wanda ya karɓe. Sai dai kafin kowa ya yanka, gari ya riga ya amince da takarda guda da ta nuna inda manyan hanyoyi za su bi, gefen da za a fara gini, wuraren da ba za a taɓa ba ko nawa aka taya, da abin da za a bar wa makaranta, maƙabarta da kasuwa. Da yawa daga masu ɗari-ɗari da tsarin sun ɗauka dabara ce ta hana su sayar da abinsu, alhali aikinsa faɗin inda za a yi gini da yadda za a yi shi.

Yadda aka zo nan

Ƙasar Gombe ta san yadda gari ke tashi ko ya kwanta saboda shawarar da aka yanke a wani wuri. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa cibiyar mulkinsa, a bakin kogin Gongola cikin Ƙaramar Hukumar Dukku ta yau. Turawa suka ɗauke hedikwatar zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919. Doma ta zama birnin Gombe, Gombe Abba kuma ta koma ƙauye mai riƙe da hubbaren wanda ya kafa masarautar. Layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, garin ya zama babban birni.

Daga nan matsin ya koma kan ƙauyuka. Ƙaramar Hukumar Gombe ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa cikin goma sha ɗayan jihar, don haka birnin ya tumbatsa cikin Akko, Kwami da Yamaltu/Deba. Wanda ya san Tumfure ta hanyar Bauchi a shekarun baya, ko Liji ta hanyar Dadin Kowa, ya san abin da ake faɗi. Can nesa da birni ma haka abin yake duk inda wani babban aiki ya sauka: Jami'ar Tarayya da aka kafa a Kashere a 2011 ta jawo buƙatar ɗakunan haya na ɗalibai da ma'aikata, filin jirgin sama yana Lawanti, madatsar ruwa da rukunin masana'antu suna Dadin Kowa, kamfanin siminti yana Ashaka, ga kuma aikin man Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 a kan iyakar Gombe da Bauchi. Rikicin Boko Haram ya kawo dubban iyalai daga Borno, Yobe da Adamawa, da yawansu sun zauna ba su koma ba. Faɗuwar darajar naira kuma ta sa mai ɗan kuɗi ya fi son ya binne shi a fili. Duk wannan na faruwa ne alhali ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar mutum miliyan 2.3 da ɗoriya. Mai tsara gari a yau da kirdado yake aiki, wanda ya fi shi sanin yawan gidaje da jariran ƙauye shi ne jauro.

Abin da doka ta ce, da abin da ake yi

Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ya riƙe ta amana. A Arewa abin bai zo baƙo ba, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 kusan a kan wannan turbar suke. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izinin zama. Sauran wuraren na ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda ke iya ba da haƙƙin zama na gargajiya don gida, noma ko kiwo, har hekta 500 na noma da hekta 5,000 na kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Ke nan ƙauye na iya kwana a karkara ya wayi gari a birni ba tare da an ƙara ɗaki ko ɗaya ba, sanarwar gwamna kaɗai ta wadatar.

Dagaci, hakimi da sarki ba sa cikin waɗanda dokar ta bai wa ikon ba da fili. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka raba masarautu da ikon zartarwa. Hatimin mai unguwa yana da amfani ƙwarai wajen tabbatar da cewa an san mai gonar kuma an yi ciniki a gaban jama'a, amma ba shi ne takardar da hukuma ko banki ke nema ba.

Akwai wani sashe da mutane kaɗan suka sani. Sashe na 36 ya bar wa manomin karkara gonar da yake nomawa kafin 1978, amma ya ce ba za a yayyanka irin wannan gona fuloti-fuloti ba, ba kuma za a miƙa ta ga wani ba, takardar da aka rubuta a kan hakan ma ba ta da inganci. Idan aka bi harafin doka, babban kaso na awon igiya a kan iska yake tsaye. Ba kasafai ake ɗaga wannan sashe ba, amma yana nan, kuma shi ne ke raunana mai saye ranar da jan fenti ya bayyana a katangarsa. Sashe na 28 ya bai wa gwamna ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ɗora diyya a kan abin da aka yi a bisa ƙasar, wato gini, shuka da itatuwa. Farashin da ƙasar kanta ke yi a kasuwa ba ya cikin lissafi. Wannan shi ne dalilin da manomi ke gaggawar yanka gonarsa da zarar ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati na tafe. Duk wanda ya kira hakan haɗama bai yi lissafin da manomin ya yi ba.

Ta ɓangaren tsara gari, dokar tarayya ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a kowace ƙaramar hukuma, har da tsarin yankin karkara, ta kuma ce a baje daftari jama'a su gani su kawo ƙorafi. A 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Tun daga nan maganar ta dawo hannun majalisun jihohi. A aikace hukumomin tsara birane sun fi mai da hankali kan manyan garuruwa, ƙauye kuma sai ya riga ya cakuɗe ake tunawa da shi.

Lissafin hekta ɗaya

Zuciyar matsalar tana nan. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fulotin da aka saba, ƙafa 50 da 100, yana cin murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Idan aka yanka hekta ba a bar komai ba, za a sami fuloti 21. Idan aka cire kashi 30 cikin ɗari don hanyoyi, magudanan ruwa da filin jama'a, saura 15. Fuloti shida ne bambancin, kuma daga aljihun mutum ɗaya za su fita. Shi ya sa lungunan awon igiya ke da ƙunci, motar 'yan kwana-kwana ko tankar ruwa ba ta shiga, turken wuta ya rasa wurin tsayawa, ruwan wannan gida ya zuba a zauren wancan.

Abin ya fi haka tsanani idan aka zo kan manyan buƙatu. Makaranta, maƙabarta ko filin Idi dole su faɗa a gonar wani. Idan taswirar gari ta ce gonar Malam wane ce maƙabarta, ta maƙwabcinsa kuma shaguna a bakin titi, an talauta ɗaya an azurta ɗaya da alƙalami guda. Yarjejeniyoyin gari da yawa a nan suke watsewa, ko da kowa ya yarda da su a taro.

Maganin da aka gwada a Jamus, Japan, Koriya ta Kudu da jihar Gujarat ta Indiya shi ne haɗa gonakin yanki guda a lissafa su tamkar ɗaya. Kowa ya ba da kaso daidai da na kowa, a fitar da hanyoyi da filayen jama'a daga wannan kason, sannan a mayar wa kowa fulotai gwargwadon girman gonarsa, kusa da inda take in zai yiwu. Mai hekta ɗaya zai koma da ƙasa da hekta, amma kowane fuloti nasa yana bakin hanya, kuma fulotin bakin hanya ya fi na ƙuryar lungu daraja. Tsarin bai yi nisa da abin da muka sani ba, tunda masu rabon gado kan fitar da hanya kafin a raba gida ko gona. Wahalarsa ita ce yana buƙatar amana, safiyo na gaskiya, da haƙurin jiran wata da watanni, alhali mai son sayarwa yau yake buƙatar kuɗin asibiti ko na auren 'yarsa.

Me ake karewa a tsohon gari

Idan aka ce garin tarihi, hankali kan tafi wurare irin su Bormi da ke Funakaye, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawa ranar 27 ga Yuli, 1903, ko tsaunin Tula da tsohon gidan yarinsa, ko gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, aikin shahararren magini Babban Gwani, wanda ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, abin da ke cikin jerinta take karewa. Ganuwar ƙauye, tsohuwar rijiya, kukar da ake zama a gindinta, marina, maƙera da kufan kakanni ba su da mai tsaronsu a doka sai mutanen wurin.

A nan dole a yi adalci ga mazauna. Mai ɗakin ƙasa da ke yaɓe duk shekara yana son bulo da kwano, kuma babu mai hurumin tilasta masa zama cikin azara da tubali don baƙo ya zo ya ɗauki hoto. Abin da ya fi karɓuwa shi ne kare fasalin garin: dandalin ƙofar fada, masallacin Juma'a da harabarsa, layin ganuwa, maƙabartu, burtali da mashaya. Wasu daga cikin waɗannan ma ba ado ba ne. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ke shanye ruwan damina, idan aka cike shi aka yi gida, ruwan zai nemi wata hanya. A ƙasa mai yashi irin ta Gombe, ƙaramar hanyar ruwa ba ta daɗewa take zama kwari, mazauna birnin sun ga gidajen da zaizaya ta ci da kuma irin kuɗin da ake kashewa wajen gyara. Dattijon da ya ce wuri kaza ruwa ke bi, bayanin da ya bayar ba a samunsa a hoton tauraron ɗan'adam da aka ɗauka da rani.

Inda ra'ayi ya rabu

Jami'an filaye da masu tsara birane suna cewa aikin na ƙwararru ne. Hanyar ƙauye dole ta haɗu da ta maƙwabcinsa, magudanar ruwa tana buƙatar awon gangare, kuma taron gari ba zai iya wannan ba. Suna kuma tsoron kada a fake da sunan al'umma wasu 'yan tsiraru su raba wa kansu bakin titi. Masu sarauta da dattawa suna mayar da martani cewa su ke sasanta rikicin iyaka tun kafin a haifi hukumomin, kuma taswirar da aka zana a ofis ba tare da su ba a takarda take ƙarewa. Duka biyun suna da hujja, kuma hujjar kowanne tana nuna gurbin da ɗayan zai cike.

Saɓanin da ya fi zurfi a cikin garin yake. Matasa suna son fuloti mai araha kusa da gidan iyayensu, amma baƙo ya fi su kuɗi. Masu gona suna son farashi mai tsoka, ko daga wa ya fito. Mata da yawa suna da kaso a gonar gado da aka bari hannun 'yan'uwansu maza ba a raba ba, sai ranar da aka sayar maganar ta kai gaban alƙali. Makiyayi ba ya da gona a wurin, amma idan aka toshe burtali shanunsa cikin shuka za su bi, daga nan kuma kowa ya san abin da ke biyowa. Iyalan da suka yi gudun hijira sun shekara goma a gari, suna biyan kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, amma ba a kiransu taro. A garuruwan da Musulmi da Kirista ke zaune tare, musamman kudancin jihar, kowane ɓangare na buƙatar wurin ibada da maƙabarta. Taron da ya tsaya kan masu unguwanni da attajirai uku ba zai haifar da takardar da sauran za su mutunta ba. Dole ardo ya zauna, mata su sami zamansu ko da daban ne, a kuma karanta abin da aka yanke a bainar jama'a da harshen da suke ji.

Yadda Ingila ta yi

A 2011 Ingila ta yi dokar da ta bai wa majalisun ƙauyuka damar rubuta tsarin yankinsu. Wani mai bincike mai zaman kansa ya duba, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, in fiye da rabin masu jefa ƙuri'a suka amince sai tsarin ya shiga cikin abin da hukuma ke dubawa kafin ta ba da izinin gini. An yi ƙuri'ar farko a 2013. Sharaɗin shi ne ƙauye ba zai tsara gidaje ƙasa da adadin da babban tsarin gunduma ya ɗora masa ba, ikonsa a kan wuri ne da fasali. Inda ake karɓar harajin sabbin gine-gine, ƙauye mai tsari yana samun kashi 25 cikin ɗari, marar tsari kashi 15. Can majalisar ƙauye zaɓaɓɓiya ce da doka ta sani. A Najeriya kuwa matakan mulki a ƙaramar hukuma suka tsaya.

Abin da zai shafi talaka

Duk da haka akwai ƙofofin da ke buɗe. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da maƙabartu, kasuwanni, tituna, magudanan ruwa, filayen jama'a da sanya wa tituna suna. Majalisar kansiloli na iya mayar da taswirar gari dokar ƙaramar hukuma, in kuma wurin ya shiga sahun birni sai an kai ta hukumar tsara birane ta jiha ta amince. Ƙungiyar ci gaban gari na iya yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta riƙe takardar filin makaranta ko maƙabarta da sunan amintattu, ko a yi waƙafi a rubuce. Ƙauyukan da suka yi aiki da shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa sun riga sun saba da zama a zaɓi aiki, a kafa kwamiti, a tara kashi goma cikin ɗari na kuɗin. Hanyar da aka shata ba sai an zuba mata kwalta yanzu ba, jerin dogonyaro a gefe biyu ya isa ya hana wani kafa harsashi a kanta.

Ga mai saye, amfanin a bayyane yake: fulotin da ke cikin taswirar da hukuma ta amince da ita ya fi sauƙin samun takarda, ya kuma fi nisa da katafila. Amma farashinsa zai hau, kuma kuɗin safiyo da na takardu a kan mai saye za su ƙare. Idan ba a ware wa 'ya'yan gari wani kaso ba, ko a yarda da ƙananan fulotai, tsarin na iya tura talaka can bayan iyakar taswira ya sake sabon awon igiya. Mai gona zai rasa wasu fulotai ya sami masu daraja, sai dai zai jira. Manomin da ba ya son sayarwa zai amfana idan aka keɓe fadama da gonakin kusa da ruwa, amma magadansa na iya ganin an tauye su.

Ko an yi duk wannan, sashe na 28 yana nan, gwamna na iya karɓar fili don amfanin jama'a ko da yana cikin taswirar gari. Abin da takardar za ta yi a irin wannan rana shi ne ta nuna wa hukuma wa ke da me, ina ruwa ke bi, ina kaburbura suke, ta yadda tattaunawar diyya da sauya wuri za ta tashi daga rubutacciyar hujja. Bai wa irin wannan takarda ƙarfin da zai ɗaure hukuma kanta, bisa hukuncin 2003, aikin Majalisar Dokokin Jihar Gombe ne.